Hannun Kemis a Kamfanin Goggo

Ranar da Goggo ta gano cewa kemistiri ba sayar da maganin ciwon kai ba ne, ranar 'yar ƙanenta ta shiga uku.

Da ma tun da yarinyar ta zo gidan don karatun kemistiri, ilimin sinadarai, a kwaleji Goggo ta laƙaba mata Kemis, a zatonta in ta gama kanti za ta buɗe ta riƙa miƙo wa mutane ƙwaya ta taga. Sunan ya bi ta har makaranta, ita ma ta gaji da gyarawa ta fara amsawa. Zangon farko ya wuce salin-alin: shara, wanke-wanke, aike, irin abin da duk ɗan riƙo ya sani ba sai an karanta masa ba. A farkon zango na biyu ne bakinta ya ja mata.

Wata safiya tana goge farar rigarta ta lab, ɗakin gwaje-gwajen kwaleji, Goggo na tsaye a kanta da robar sabulun ruwa a hannu tana tsine wa tsadarsa. Kemis, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ai ba wani abin kirki a ciki, Goggo. Ruwa ne ya fi yawa, sai soda da 'yan sinadarai da turare."

Goggo ta ajiye robar a hankali kamar mai kwantar da jariri.

"Maimaita."

"Na ce ruwa ne ya fi..."

"Kin iya haɗawa?"

"To, mun dai karanta yadda..."

"Abban Gimbiya!" Goggo ta ƙwala kira har tsuntsayen kan katanga suka tashi. "Fito ka ji ikon Allah! Ashe arziki muke kwana da shi a ɗakin baya, muna aikensa sayen gishiri!"

Kafin mako ya zagayo an kafa kamfani. Goggo ta naɗa kanta Manajan Darakta. Mijinta, Abba, wanda ya yi ritaya ya koma aikin karatun jarida a kujerar falo, ya zama Shugaban Hukumar Gudanarwa ba tare da ya motsa daga kujerar ba. Gimbiya, 'yarsu tilo, aka ba ta Sashen Talla, saboda tana da babbar waya da dogayen farata masu fenti. Kemis kuwa aka damƙa mata Sashen Kimiyya, wato baho biyu, muciya, buhun soda, da siton bayan kicin.

Siton taga ɗaya gare shi, ita ma Goggo ta sa aka buga mata ƙusa.

"Sirrin kamfani," in ji ta. "Matar maƙwabcin nan ko hancinta leƙen asiri yake yi."

Kemis ta dubi buhun sodan, ta dubi hannunta. "Goggo, sai an sayo safar hannu ta roba da tabarau da takunkumi. Soda tana cin fata."

"Tiyata za ki yi wa wani?"

"A'a, amma a makaranta..."

"A makaranta kuɗin gwamnati suke ɓarnatarwa. Mu da muka taso muna wanki da ruwan toka, kin ga mun mutu? Bari kamfani ya tsaya da ƙafarsa, har hular kwano zan saya miki. Yanzu dai ga leda nan, ɗaura."

Kemis ta ɗaura leda. Leda kuwa ba ta san amana ba. Ana zuba soda a ruwa bahon ke ɗaukar zafi, tururi ya tashi ya rasa hanyar fita ya dawo ya shige hanci. Tana cikin juyi ledar za ta yage, ruwan ya sulale ciki. Soda ba ta cizo nan take. Sai ta fara sa hannu santsi kamar abin arziki, daga baya ta nuna halinta. Kemis ta lura cewa a nan ta yi kama da wasu mutane, amma ta bar wa cikinta.

Lab ɗin kwaleji wata duniya ce daban. Dogayen bencina masu farin dutse, famfo a kan kowanne, kwalabe a jere kowace da sunanta a goshi, ga akwatin gilashi mai zuƙe hayaƙi a kusurwa, ga tagogi a buɗe iska na kaɗawa. Mai mulkin wurin ita ce Malama Tabarau, wadda sunanta na gaskiya ya ɓace tun tuni, domin ba ta shigowa da wata gaisuwa sai, "Tabarau! Kowa ya sa tabarau!" In ɗigon ruwan soda ɗaya ya taɓa yatsan ɗalibi, wanda an tsarma shi har ya kusa zama ruwan sha, sai ta tsayar da aji, ta ja shi zuwa famfo tana faɗa kamar an yi gobara.

Aikin zangon nan haƙuri yake so. A zuba asid a kwalba mai siririn wuya, a ɗiga masa wani ruwa marar launi, sannan a riƙa sakin ruwan soda daga dogon bututun gilashi, ɗigo bayan ɗigo, ana kaɗa kwalbar, har ruwan ya ɗan ɗauki ruwan hoda kamar kunya ta kama shi. Nan ake tsayawa a karanta ma'auni. In ɗigo ɗaya ya wuce, ruwan ya rine jajir, a zubar a sake daga farko.

A farkon zango ba wanda ya kai Kemis iya wannan. Yatsunta kan murɗa ɗan makullin bututun kamar mai rarrashi. Abokiyar bencinta, Rediyo, wadda ba a kashe ta sai dai a rage mata murya, takan tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke dai hannunki na da baiwa. Ni ina taɓawa sai ya zama jan lemo." Kemis tana son wurin nan har ranta. Tana son ƙarar kwalabe, tana son yadda lissafin da ta yi a takarda yake fitowa daidai a cikin gilashi, ba ƙari ba ragi, ba mai cewa ai ba haka aka yi da shi ba.

Sai kasuwar Goggo ta buɗe. Gimbiya ta ɗauki hoton kanta riƙe da roba, ta turo baki, ta watsa a waya. Masu saye suka fara sallama. Wani abin mamaki, odar gaggawa ba ta zuwa sai safiyar ranar lab.

"Goggo, yau muna da furaktikal."

"To wannan mene ne? Wasan yara? Can a ɗan kofi kuke yi, nan a baho. Ke ce ma kika fi su ci gaba. In malamar taku na da hankali maki za ta ƙara miki."

Kemis ta leƙa falo. "Abba, don Allah ka sa baki. In na yi fashi ana rubutawa."

Abba ya sauke jarida zuwa kan hanci. "Ilimi ai aiki da shi ake yi, 'yata. Mu a zamaninmu..." Ya tsaya ya nemi abin da aka yi a zamaninsu bai samu ba, ya mayar da jaridar.

"Yaya Gimbiya, ko za ki ɗan juya mini, in je in dawo? Juyi ne kawai."

Gimbiya ta ɗaga faratanta goma sama kamar an nuna mata bindiga. "Ni? Kin san ƙamshin nan yana tayar mini da ciwon kai. Kuma Sashen Talla ba ya shiga aikin Sashen Kimiyya. Tsari ne."

Da yamma Kemis ta kira mahaifinta ta fara bayani a hankali. Bai bari ta kai ƙarshe ba. "Ki yi haƙuri, ki bi yayata sau da ƙafa. Wa zai ba ki ɗaki da abinci a wannan zamani? Kowa ya ci ladan kuturu..." Goggo ta fizge wayar daga baya. "Ƙanena! 'Yarka ta zama injiniya a hannuna! Ka gode wa Allah!" Kemis tana jin muryar mahaifinta daga nesa yana ta zuba godiya.

Daga sabulun ruwa aka shiga bilicin, daga bilicin aka shiga ruwan wankin masai mai asid. Wata rana Goggo ta tashi da wahayi.

"Me zai hana mu haɗa biyun a roba ɗaya? Mu sa masa suna Biyu-a-Ɗaya. Mu kashe kasuwar kowa."

"Ba kasuwa kaɗai za mu kashe ba, Goggo. In suka haɗu hayaƙi mai guba suke fitarwa."

"Baƙin ciki dai. Ɗan boko ba ya son a fi shi dabara."

Goggo ta miƙe. Ta ɗauki robobin biyu ta shiga banɗaki ta tuttula su a masai don gwaji, ta jawo ƙofa ta tafi amsa waya. Ba a jima ba Shugaban Hukumar Gudanarwa ya naɗe jaridarsa a hammata ya shiga. Tun da aka haifi Gimbiya ba a taɓa ganin Abba ya yi gudu ba sai ranar. Ya fito da takalmi ɗaya, hannu ɗaya riƙe da wando, ido na zubar da ruwa, yana tari yana salati. Kemis ta ja shi waje wurin iska, ta buɗe ƙofofi, ta toshe hanci ta je ta kora ruwa. Da ƙura ta lafa aka zauna shari'a, aka sami mai laifi.

"Da kin faɗa da ƙarfi," in ji Goggo. "Kika yi maganar ciki-ciki kamar mai jin yunwa. Saura kaɗan ki mayar da ni bazawara."

Kemis ta ba da haƙuri, ta shige sito, ta toshe baki da gefen mayafi ta yi dariya har hawaye. Dariyar ce ta rikiɗe ta zama tari, tarin kuma ya ƙi tsayawa.

Tarin ya zauna. Hannu kuma ya fara ba da labari. Bayansa ya yi fari ya dare kamar gindin tafki da rani, tsakanin yatsu ya tsattsage, farata suka fara ɓamɓarewa. Biro sai da dabara take riƙewa. In ta tsoma hannu a ruwan wanke-wanke sai ta ciji leɓe. Ta nuna wa Goggo, Goggo ta duba daga nesa ta ce, "Sabo ne bai kama ba tukuna. Shafa man girki." A makaranta kuwa tun daga bakin ƙofar lab take zura safar roba ta makaranta, don ta san in Malama Tabarau ta ga rauni za ta hana ta taɓa komai, daga nan kuma magana ta kai gida, ta rasa ɗakin baya. In ta rasa ɗakin baya ta rasa kwaleji.

Amma bututun gilashi ba a yi masa ƙarya. Ranar da ta samu ta je lab, ta kama ɗan makullin, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ta matsa, zafi ya soke ta, ruwan ya kwararo gaba ɗaya. Kwalba ta rine jajir. Ta zubar ta sake, ta sake rinewa.

"Kemis, yau kin shigo layinmu na masu jan lemo?" Rediyo ta tambaya tana dariya. Da ta ga fuskar ƙawarta sai dariyar ta tsaya. "Ke, lafiya?"

"Barci ne bai ishe ni ba."

Bayan an tashi Malama Tabarau ta tsayar da ita. "Ke ce na ɗauka za ki fi kowa a ajin nan. Yanzu ga fashi, ga aikin banza. Ban san abin da ya shiga kanki ba, ba na kuma son sani. Saura miki fashi ɗaya. Kika ƙara, ba ke ba jarrabawa, sai baɗi."

Kemis ta koma gida ta tarar an ƙaddamar da sabon kaya: sabulun wanka na dunƙule, mai suna Laushin Gimbiya. Kemis ta yi bayani cewa irin wannan sai an auna soda daidai, a kuma bar shi ya daɗe yana hucewa kafin ya taɓa jikin mutum. Goggo ta ce a ƙara soda don ya yi saurin daskarewa, a kuma naɗe shi washegari, kasuwa ba ta jiran kowa. Kemis ta jiƙa guda ta manna masa 'yar takardar gwaji da ta rage mata daga lab. Takardar ta yi shuɗi mai duhu, alamar sabulun ya fi dacewa da wankin tayar mota. Ta nuna wa Goggo.

"Ka ga kala mai kyau," in ji Goggo. "Irinta za mu yi wa kwalin."

Sai babban kifi ya faɗo. Shugabar wata makarantar kwana ta ƙananan yara ta ga tallan Gimbiya, ta ce za ta zo da kanta ta gani, in ya yi mata za ta riƙa ɗaukar wa ɗalibanta duk zango. Ranar da ta sa kuwa, ba sai an faɗa ba, ranar lab ce.

"Goggo, wannan karon in ban je ba shekara guda ta tafi."

"Shekarar a kanki za ta faɗo? Baƙuwar nan masaniyar kimiyya take son gani, na riga na gaya mata muna da ita. Ki tsaya da farar riga ki yi mata Turanci kaɗan, shi ke nan, ki tafi."

Kemis ta ƙudurta za ta sulale da sassafe. Da gari ya waye ta nemi rigar lab sama ko ƙasa. Ba a shiga lab ba riga, ko 'yar wane ce ke.

"Na wanke miki ita," in ji Goggo, tana kaɗa makullin kabad a yatsa. "Na sa mata sitati. Tana nan a adane sai baƙuwa ta iso. Af, har tsaraba na yi miki."

Ta miƙo mata ƙunshi. Kemis ta buɗe. Safar hannu ce. Ba ta roba ba, ta farin yadi, mai leshi a wuya, irin ta masu riƙe tire a wurin liyafa.

"Ba kin daɗe kina damuna da safa ba? To ga ta. Ki sa, kar ki cire, kar hannun nan naki ya kore mini ciniki."

Kemis ta daɗe tana kallon safar. Wani abu ya taso mata a ƙirji, ta zaci kuka ne, sai ta ji ashe ba shi ba ne. Ta zura yatsunta a hankali ta ce, "Na gode, Goggo. Allah ya ƙara buɗi."

Baƙuwa ta makara. Agogon falo na ta tafiya, Kemis na tsaye a farar riga mai sitati tana hango Rediyo a benci ita kaɗai. Da Shugaba ta iso, dattijuwa ce mai gilashi a kan hanci, irin waɗanda suka ƙare rayuwarsu suna kama yara da ƙarya. Aka zaunar da ita, aka jera sabulai a tire. Goggo ta yi jawabi, Abba ya gyaɗa kai daga bayan jarida a madadin Hukumar Gudanarwa.

"Ga shaida ma," Goggo ta ce, ta jawo hannun Gimbiya ta ɗora a tafin baƙuwar. "Taɓa ki ji. Auduga."

Shugaba ta taɓa, ta ce ba laifi. Ta juyo ta dubi Kemis ta saman gilashi. "Ke ce mai haɗawa?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Yarana ƙanana ne, fatarsu ba ta yi ƙwari ba. Zai yi musu?"

Goggo ta kafe Kemis da ido, irin kallon da ke cewa ki tuna inda kike kwana. Kemis ta tuna. Ta kuma tuna takardar nan mai shuɗi, ta hango layin yara da soso a hannu. Ta yi murmushi mai ladabi.

"Ranki ya daɗe, a makaranta an hana mu faɗin sakamako da baki. An ce gani ya kori ji."

Ta fara zare safar, yatsa bayan yatsa. A wani wurin yadin ya manne da ciwo, sai da ta ja. Ta ninke su tsaf ta ɗora a cinyar Goggo, sannan ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan tiren, kusa da Laushin Gimbiya.

Shugaba ta gyara gilashi ta sunkuyo. Har jaridar Abba ta daina motsi.

"Gado ne!" Goggo ta zabura. "Dangin uwarta duk haka suke. Kirci ne, tun tana goye..."

"Ai kuwa Goggo ranar da na zo ke kika ce hannuna sak na mahaifiyarki."

"Rufe mini baki!"

"Bar ta ta yi magana," in ji Shugaba.

"Ba zan yi wa sabulun ƙazafi ba, ranki ya daɗe. Wannan aikin ɗanyar soda ne, da leda nake juyawa. Sabulun bai kai haka ba. Amma soda ta yi masa yawa, bai kuma huce ba. Ni dai ba zan wanke ɗan kowa da shi ba."

Shugaba ta juya ga Gimbiya. "Ke da shi kike wanka?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Nawa a kanti Mama take sayo..." Ta kama bakinta, amma zance ya riga ya fita.

Dattijuwar ta miƙe ta rataya jaka. Ta dubi Goggo sama da ƙasa. "Baiwar Allah, sabulun nan shi ne ƙaramar matsalarki." Ta juya ga Kemis. "Ba ki da makaranta yau?"

"Ina da lab. An daɗe da farawa."

"Wuce mu je, mota na waje."

Goggo ta bi su har ƙofa tana borin kunya. "In kin fita kar ki dawo! Butulu! Kuma sitatin da ke jikin rigar nan nawa ne!"

Ƙofar lab a rufe take. Kemis ta ƙwanƙwasa da gwiwar hannu. Malama Tabarau ta buɗe, fuska a murtuke, ta buɗe baki za ta ce ta makara. Kemis ta ɗago hannayenta. Malamar ta cire tabaranta, abin da ba ɗalibin da ya taɓa gani.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon zango."

"Ni ina nan ina fasa maƙogwaro a kan ɗigo ɗaya, ke kina can kina iyo a baho? Kuma kika ɓoye mini? Ke da wadda ta sa ki, ban san wa zan fara duka ba!" Tana faɗa tana jan ta zuwa famfo. Ta rubuta a rajista cewa Kemis ta zo, ta raka ta asibitin makaranta da kanta, ta ce in hannu ya warke za ta buɗe mata lab ta rama duk abin da ya wuce ta. Likita ya duba ƙirji, ya naɗe hannayen da bandeji, ya tambayi masana'antar da take aiki. Da aka ce masa gidan goggonta ne, ya ajiye biro ya girgiza kai.

Da Rediyo ta ga bandejin sai ta yi shiru, karon farko a tarihi. Daga nan ta kunnu gaba ɗaya, kafin la'asar duk ɗakin kwanan ɗalibai ya ji, an matsa an samar wa Kemis gefen katifa, wata ta ba da bokiti, wata ta ɗauki nauyin wanke mata kaya.

Mahaifinta ya kira. Goggo ta riga ta kai ƙara.

"Kin tozarta yayata a gaban baƙi."

"Baba, na turo maka hoto."

Ya duba wayarsa. "Na gani. Allah ya sawwaƙe." Sannan ya ɗora, "Amma ki je ki ba ta haƙuri. Babba ba ya laifi."

Haka dangi suka yanke, baki ɗaya. Wanda ya ce yarinyar ba ta da kunya, da wanda ya ce boko ne ya buɗe mata ido, da wanda ya ce ko me aka yi mata ai a rufe ya kamata a yi maganar. An tattauna mutuncin Goggo, an tattauna cinikin da ya kuɓuce, an tattauna hawan jinin da aka ce ya taso mata. Hannun dai ba a sa shi a ajanda ba. Haka riƙo yake a gidaje da yawa. Kwanon abinci da gefen ɗaki sukan zama rasit, a sayi yaro da su ba tare da an yi ciniki ba, a mora shi har ya lalace, sannan a jira godiya. Ranar da ya ce wayyo kuma, ba a tambayar abin da ya cije shi, sai a tambayi wa ya ba shi izinin ihu.

Kemis ta je. Ta tarar da Goggo a kwance a doguwar kujera, an ɗaure kai da ɗankwali, ana nishi daidai yadda mai shigowa zai ji. Ta durƙusa, hannaye naɗe da bandeji a kan gwiwa, ta ce a yi haƙuri. Abba ya ce abin da ya wuce ya wuce. Goggo ta ja dogon numfashi ta ce ta yafe duniya da lahira, ita da ma don Allah take riƙon 'ya'yan mutane, ba ta jiran sakayyar kowa.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Mai jinya ta tashi zaune garau.

"Ƙanwata! Ina labari? Autarki ta sami kwaleji? Kai, barka! Me za ta karanta?" Ta saurara, idonta ya fara haske. "Kimiyyar abinci? Wato su lemon kwalba da madara mai sanyi, duk za ta iya haɗawa? Haba, wane irin ɗakin ɗalibai ina raye? Turo mini ita. Ɗakin baya na nan a share. Ɗa ai na kowa ne."

Kemis ta yi sallama cikin ladabi ta fita. A bakin titi ta tsaya, ta ciro waya da ƙyar, ta lalubo lambar autar da ɗan yatsan da bandeji ya bari a waje.

"'Yar'uwa, barka da samun makaranta. Na ji Goggo ta yi miki tayin ɗaki."

"Wallahi kuwa, Yaya! Yanzu Mama ke faɗa mini. Goggo akwai kirki."

"Sosai ma. Kin fara haɗa kaya?"

"Yanzu zan fara."

"To dakata tukuna. Buɗe wayarki, ga hoto nan tafe."